Matuƙin Jirgi a Gidan Niƙa

A Kiyawa in ka tambayi Misbahu Abdurrahim sai a tsaya tunani, amma in ka ce Misbahu mai jirgi, kowa zai nuna maka gidan niƙa. Shi ne wanda ya samu tallafin karatu ya tafi Afirka ta Kudu, ya shekara biyu yana koyon tuƙin jirgin sama, ya dawo da lasisinsa a aljihu.

Mutanen gari sun ɗauka da saukarsa za a miƙa masa jirgi. Ya yi bayani har bakinsa ya gaji. Lasisin waje ba ya aiki a nan sai an mayar da shi na Najeriya: sai ƙasar da ta ba shi ta aiko da tabbaci, sai ya ci jarrabawar dokokin jirgi, sai likita ya tabbatar da lafiyarsa, musamman ido da kunne. Bayan nan ya zama mataimakin matuƙi, ya tara awa dubu ɗaya da ɗari biyar a sama, sannan ya nemi babban lasisin da ake shugabantar jirgin fasinja da shi. Sukan gyaɗa kai su ce Allah ya sa, sannan su tambaye shi ko bana shi zai kwashi alhazai daga Dutse.

Yana cikin wannan jira shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da mahaifinsa, Malam Abdurrahim, mai injin niƙan. Da injin nan gidan yake ci, kuma Misbahu ne babba, don haka babu wanda ya ma tambaye shi. Injin tsoho ne mai dizal, in ya tashi ko tunanin kanka ba ka ji. Mai niƙa yakan tsaya injin na hagunsa, yana zuba hatsi da hannun dama, daga hantsi har la'asar.

Ba jahilci ne ya ci shi ba, ya san kunne jarin matuƙi ne. Shi ya sa ya fara aiki sanye da abin kunnen da ya zo da shi, irin na matuƙa, mai rufe kunne ruf. Ba a yi mako ba Gwaggo Lauratu, yayar mahaifinsa, ta zo da dawarta. Ta tsaya a bayansa ta yi sallama, ta yi masa sannu da aiki, ta tambayi mai jiki. Bai juya ba. Ta ajiye ƙwaryar, ta wuce cikin gida wurin Dada, mahaifiyarsa, ta ce tun ba a je ko'ina ba yaro ya fara toshe kunne kada ya ji gaisuwar talakawa.

Da yamma Dada ta kira shi. "Misbahu, ko jirgin ka tuƙa ba ka fi ƙarfin gaisuwa ba. Ka cire abin nan."

Ya so ya yi mata bayani. Sai ya ga idonta ya faɗa don jinya, ya ce to. Ya gwada cusa auduga, ƙurar gari ta riƙa danƙare ta, ya haƙura. Kunya dai ta yi wa mutane da yawa ɓarnar da maƙiyi bai yi musu ba.

Shekara uku ya yi a haka. Tabbaci ya zo daga waje, ya je Legas ya ci jarrabawa, ya dawo ya tayar da inji. Bai yi murna ba, bai kuma yi baƙin ciki ba, don komai yakan iso ne bayan ɗokinsa ya huce. In ya kashe injin yakan ji wani kuka a kansa kamar na gyare, har ya saba. In ana masa magana yakan ɗan karkato da ɓangaren dama, dattawa kuwa suka ce yaron ya yi hankali, ya koyi ladabin sauraro.

Bara wani ƙaramin kamfani ya ce zai ɗauke shi mataimaki in ya kawo shaidar likita. Ita kaɗai ta rage masa. Ya bar injin a hannun maƙwabci ya tafi Kano. Aka duba ido da zuciya da jini, duk lafiya lau. Daga ƙarshe wata ma'aikaciya ta sa shi a wani ɗan ɗaki da ƙarar waje ba ta shiga, ta ɗora masa abin ji a kunne, ta ba shi maɓalli, ta ce duk sanda ya ji ƙara ya danna. Za a fara da kunnen dama, sannan na hagu.

Na dama ya ji, ya danna, ya danna, wasu da ƙyar. Sai shiru. Ya gyara zama yana jiran na hagu, babu abin da yake ji sai gyaren nan nasa. Jira kuwa ya iya shi. Can ta buɗe ƙofa ta miƙo hannu.

"Saura na hagu," in ji shi.

Ta dube shi, ta kau da kai. "Mun yi na hagu, Malam. Har sau biyu."

Ya ce to. Ya miƙa mata maɓallin, ya sa hularsa, ya yi mata sannu da aiki.