Injin da Ya Koyi Jirana

Ko tsufa ya cinye min tunani, ba zan manta makon da aka kafa wa hannuwana kyamara ba.

Lokacin ina aiki a wani ɗakin bincike kusa da gidanmu a garin Bowie, ina manna ƙananan farantan silikon a kan alluna da gam. Wai in an haɗa allunan za su zama ƙatuwar na'ura mai gano abubuwan da suka fi ƙwayar zarra ƙanƙanta. An sha yi min bayani, ina gyaɗa kai kawai. Ni dai na san ba a son kumfa a ƙarƙashin faranti.

Kwatsam aka kawo inji mai hannu ɗaya, shi zai karɓi mannawar. Na sha jinin jikina, domin da aikin nan muke riƙe gida. Sai kuma injiniyar da ke shugabantarmu ta ce za ta ɗauki bidiyon hannuwana. Kaina ya ɗaure. In korata za a yi, me ya kawo kyamara? Na faɗa wa maigidana, ya ce, "Maman yara, anya ba fasa musu wani abu kika yi ba? Mutanen nan fa sai sun tara hujja suke sallamar mutum." Maimakon sauƙi, ya ƙara dagula min lissafi.

Ranar Alhamis injiniyar ta nuna min bidiyon. "Aikin injin yana kumfa, naki ba ya yi. Duba, kina zuba gam sai ki ɗan tsaya kafin ki ɗora faranti. Me kike ƙirgawa?"

Wallahi ban san ina tsayawa ba. Na ƙura ido, sai na ga takunkumin fuskata yana motsi. Kunya ta rufe ni.

Na ce, "Ba ƙirge ba ne. Bismillah nake yi."

Ta ce in faɗa yadda na saba, ta danna agogo. Ashe a ɗan tsakanin nan gam yake bajewa. Ta sa injin ya riƙa jira daidai tsawon bismillata, kumfa ta ɓace.

Na tuƙo mota gida ban san dariya zan yi ko kuka ba. Da bakina na gyara wanda zai gaje kujerata. Ya kuwa gaje ta. Ni aka mayar da ni mai duba abin da ya manna, injiniyar ta ce idon da ya san gam ba a sakinsa.

Tun daga nan na daina raina abin da aka rene ni da shi don kawai ba a rubuta shi a takardar aiki ba. Shi ya tsaya min ranar da ban san ta inda zan kare kaina ba.