Ɗan'auta da Ruwan da Ke Zagaye

A unguwar Utaibiyya ta Makka aka haifi Ɗan'auta. Kakansa ne ya zo hajji daga Kano da ƙafa, bai koma ba. Shekara ashirin da biyu Ɗan'auta yana tuƙa tankar kwashe ruwan masai a Makka, har bayansa ya gaza, ya koma jan ƙaramar mota.

Ana nan sai Ghada, 'yar maƙwabcinsa da ta karanci ilimin teku, ta roƙe shi ya riƙa kai ta wani lungun Bahar Maliya, kudu da Jidda. Ruwan wurin ya yi kore, kifi na mutuwa, kuma ba a san daga ina ƙazantar take shigowa ba. Shi ne ke jefa mata robobi masu na'ura daga kwalekwale, ita kuma tana bin sawunsu a kwamfuta.

Ranar da ta nuna masa zanen tafiyar ruwan a kwamfutar, sai da ya cire tabarau ya goge. Ga lungun nan gaba ɗaya, dubban ɗigo suna tafiya a ciki, su doshi mafitar lungun, iska ta juyo da su.

"Kawu, ruwan da ya shiga nan sai ya kwana goma sha tara yana zagaye kafin ya fita," in ji ta.

"Subhanallahi! Ashe kowane ɗigo da hanyarsa. Ni da na ɗauka kwance kawai yake."

Ta mayar da tafiyar ɗigon baya, duk suka taru a gaɓar arewa. "Nan lissafi ya nuna, amma ba bututu, ba gida. Na rasa gane kansa."

Ɗan'auta ya daɗe yana kallon wurin. Ya san kwarin da ke bayan gaɓar. Ya san wasu direbobi kan juye tankarsu a can don gudun layin matatar ruwan masai, kuma shi ma ya taɓa yi, sau biyu.

"Ɗiyata, tashi mu je."

Bayan tudu suka tarar da baƙin tafki, yana tsiyaya ta ƙarƙashin yashi zuwa teku. Ghada ta ɗebi ruwan a kwalba, gwaji ya tabbatar. Aka toshe hanyar kwarin, aka kwashe tafkin.

Bayan shekara ɗaya ya tsaya a gaɓar, ruwa har gwiwa, yana hango yatsun ƙafarsa. Ƙananan kifaye suka kewaye shi. Ya kasa motsi, sai tasbihi yake yi, har Ghada ta gaji da kira ta zauna jiransa.