Shawish Jatau da Takubban Jarwal

Ku da kuke zaune kuna ta cewa "Allah sarki, Shawish Jatau, mutumin kirki," ina da tambaya. A cikinku wa ya taɓa yi masa sallama ya amsa kai tsaye? Babu! Sai ya tsaya ya ƙare maka kallo daga rawani har takalmi, ya ja wuyan rigarka, ya daki kafaɗarka ta miƙe, sannan ya ce "Wa alaikumus salam" kamar ƙwatar ta aka yi daga bakinsa. Liman ma bai tsira ba. To ni ɗan ƙanwarsa ne, kuma na yi shekaru ina riƙe takobi a ƙarƙashinsa, don haka ku ƙyale ni in faɗi abin da na sha.

Saboda yaran da ba su riski zamanin ba: a shekarun bayan babban yaƙin duniya, ƙungiyar zumuntarmu ta Hausawan Jarwal, unguwarmu a nan Makka, tana da 'yan takobi goma sha biyu. Mu ke raka ango, mu ke taryen waɗanda suka dawo daga ziyarar Madina, in kuma babban baƙo ya zo mu jeru sahu biyu mu gicciya takubba ya wuce ta ƙarƙashi. Farar riga muke sawa da baƙar falmaran, rawani ruwan ɗorawa irin na mutanen Makka, jar ɗamara a ƙugu, takobi rataye da hamila. Kawu Jatau ne shugabanmu. Ba wanda ya naɗa shi, shi ya naɗa kansa, har da sunan Shawish, wato saje. Ya ce a barikin soja ya koyi aikin, a Sudan, kan hanyarsu ta zuwa Makka. Mahaifiyata kuwa ta ce shayi yake sayarwa a ƙofar barikin, yana leƙe ta katanga. Ranar da na tambaye shi, cewa ya yi, "Kai ka leƙa mana ka koya, in da sauƙi!"

Atisaye a wani fili can wajen Zahir muke yi, da rana tsaka, wai sanyin yamma yana lalata namiji. Ranar Makka fa! Yashi yana dafa mana ƙafa, shi yana ta daka tsawa: "Zare! Ɗaga! Gicciya! Mayar!" In hannunka ya karkace ko da kaɗan ne, sai ka ji, "Aib alaik, ya sheik! Abin kunya! Takobi ka riƙe ko muciya?"

Hamidu mahauci, Allah ya jiƙansa, shi ya fi kowa jin wannan magana. Ranar auren ɗan limamin unguwa mun jeru a bakin lungu, mata suna guɗa ta tagogi, Kawu ya ce, "Zare!" Takubba goma sha ɗaya suka fito fyaɗ. Na Hamidu ya ƙi. Ya ja, ya ja, ya matse kube a tsakanin cinyoyinsa ya sake ja. Da ya fito, wallahi tururuwa ce baƙa ƙirin daga baki har ƙota.

Kawu ya karɓi takobin, ya shinshina.

"Habhab!" ya ce. "Kankana ka yanka da shi?"

"Shawish, baƙi ne suka zo, wuƙaƙena duk suna shago..."

"Mahauci! Mahauci guda ba shi da wuƙa a gida, sai takobin jama'a? Kuma ko gogewa ba ka yi ba!"

Washegari Kawu ya zo atisaye da muciyar matarsa, har da ɓawon tuwo a jiki, ya rataya wa Hamidu a hamila. Da ita ya yi ta "Zare, ɗaga" har watan ya mutu, masu ɗibar ruwa suna ajiye garewani suna kallo. Kuma kun san abin haushi? Kawu ya ce bai taɓa ganin Hamidu ya yi kyau haka ba.

Nawa ya fi ciwo. Lokacin yadi yana tsada, a gidana babu wani zane mai kauri kamar jar ɗamarata. Hajara, matata, ta rasa majanyi, ta ɗauke ta ta goya ɗanmu Usmanu. Ga shi nan zaune da furfurarsa, ku tambaye shi. Sai ga Kawu ya shigo, kamar an aiko shi. Na ga idonsa ya sauka a bayan Hajara, na ce shi ke nan, yau sai an ji muryarsa har unguwar Hindawiyya.

Ya zagaya ta. Ya sa yatsa ya taɓa ƙullin. Ya juyo gare ni, gemu yana rawa.

"Idi, wa ya ɗaura wannan?"

Hajara ta durƙusa, ta ce, "Ni ce, Baba. A yi haƙuri."

"Tashi, 'yata, ba da ke nake ba. Idi! Shekara nawa ina koya maka ƙullin nan? Taka kullum tana zamewa kamar wandon aro. Dubi wannan! Ɗan mutum ta ɗauka, ko gezau ba ta yi ba! Gobe ita za ta zo atisaye, kai ka zauna ka yi raino."

A gaban matata fa! Har yau in muka yi faɗa sai ta ce in kawo ta ɗaura mini.

Amma abin da har yanzu yake ci mini rai, kuma wasunku suna wurin aka yi, shi ne maganar ɗan Alhaji Bukar. Alhaji Bukar mai yadi shi ne shugaban zumunta a lokacin, shi ya ɗinka mana kayan. Ɗansa Abdurrazaƙ ya dawo daga Masar da agogo da baƙin tabarau, sai uban ya ce shi zai ja 'yan takobi ranar taryen wani babban malami da ya zo daga gida, ƙasar Hausa.

Kawu ya ce, "Ya taɓa zuwa atisaye?"

"Haba Shawish," in ji Alhaji, "abu ne mai wuya? Zare, mayar, halas."

"Tayyib. Ya zo fili ya tsaya a ƙarshen sahu, bayan Hamidu."

"Ɗana ne zai tsaya bayan mahauci?"

"Mahaucin ya sha rana. Ɗanka ruwan sanyi ya sha."

Dattawa suka taru, aka sha gahawa, aka cire Kawu. Mutumin da ya goge takubban nan da tokar murhunsa, wanda yake bin gidajenmu yana duba ko asu ya ci falmaran! Mu ma 'yan takobi aka ce duk wanda ya ƙi fita a karɓe kayansa, muka fita muna cizon leɓe.

Ranar taryen aka kafa babbar rumfa ta zane a ƙofar gidan Alhaji, dattawa suna ciki, an jera butocin shayi. Abdurrazaƙ yana gabanmu da takobi mai ƙotar azurfa. Ina ɗaga ido, wa zan gani a tsallaken hanya? Kawu Jatau, shi kaɗai, cikin cikakkiyar shiga, a tsaye ƙiƙam a rana kamar turke.

Motar baƙo ta tsaya. Abdurrazaƙ ya ce cikin Larabcinsa, "Yalla ya shabab, ku... ku fito da su."

Ba wanda ya motsa. Ba taurin kai ba ne, hannuwanmu ne ba su san wannan yaren ba. Sai daga tsallake muka ji, "ZARE!"

Fyaɗ! Goma sha biyu kamar guda. Abdurrazaƙ ya firgita, shi ma ya fizgi nasa da ƙarfin tsiya, ya wulwula shi baya, sai a kan igiyar rumfa. Rumfa ta rufto kan dattawa, butoci suka kife, kana jin muryar Alhaji Bukar daga ƙarƙashin zane yana salati. Kawu ko kallon wajen bai yi ba. "Ɗaga! Gicciya!" Malamin, bawan Allah, ya wuce ta ƙarƙashin takubbanmu yana murmushi, ya iske masu masaukinsa suna rarrafowa ɗaya bayan ɗaya.

Bayan la'asar dattawa suka je gidan Kawu, Alhaji Bukar a gaba, riga duk shayi.

"Shawish, mun zo mu mayar da kai."

"Ku mayar da ni ina? Ina na je?"

"Ai... mun cire ka."

"Ku kuka sa ni, da za ku cire ni? Ka ce wa yaron nan ya zo fili gobe. Bayan Hamidu."

Ya kuma zo. Ya sha rana har ya yi baƙi, daga baya ma ya fi ni iya riƙon takobi, wannan ma wani haushin ne.

Da ciwon ajali ya kwantar da Kawu, muka je gaishe shi, mu da muka rage. Ya rame, murya ta shige. Abdurrazaƙ ne ya sunkuya ya ce, "Baffa, in Allah ya yi ikonsa, mun yi shawara za mu sa kaya mu raka ka da takubba, kamar yadda ka raka kowa."

Na ɗauka zai ji daɗi. Sai ya yunƙura kamar zai tashi, ido ya yi ja.

"Kuna da hankali? In je gaban Ubangijina da 'yan rakiya? Ni wane ne? Mai shayi ne fa ni, Idi, uwarka gaskiya ta faɗa maka. Ku zo da hannuwanku kawai, ku ɗauke ni."

Haka muka yi. Da riguna na yau da kullum muka ɗauke shi, aka yi masa salla a Harami, muka kai shi makwancinsa. Ashe ba shi da nauyi ko kaɗan, duk wannan tsawar.

Ya Allah, ga bawanka Jatau nan ya zo maka hannu sake, kamar yadda ya so. Ya tsaya a rana domin mutuncin mutane, ka ba shi inuwa. Ka yafe masa zafin bakinsa, mu dai mun yafe, har Hajara da ni. Ka sa ya huta. Amin.