Rakiyar Inna Zuwa Laccar 'Yar Farinta

Ana sallame sallar asuba muka bar Kano, ni da matata da Inna. Yayarmu ce za ta yi laccar zama farfesa a jami'ar da ke Samaru, a kan yadda ciwon sukari ke yaɗuwa cikin jama'a. Roƙo ɗaya ta yi mini a waya: ko da dabara ce in kawo mata Inna.

Aiki ne ja, domin Yaya 'yar fari ce. Tun da na buɗi ido ban taɓa jin Inna ta kama sunanta ba, balle ta yabe ta. Da ƙyar ta shiga motar, tana nanata cewa ita kwanuka za ta saya a kasuwar Sabon Gari ta can garin.

Hanya ta yi kyau yanzu, ba mu tsaya ba sai Tashar Yari. Nan masu rake da mazarƙwaila suka yanyame mu. Matata ta saya ta tura ƙarƙashin kujera, wai kada Farfesa ta gani. Ƙosai kuwa ya ƙanƙance, uku naira ɗari, kamar ana jin haushin mai saye. Muka ratsa Dogarawa, muka sha cunkoson Keke Napep a Kwangila, muka isa Samaru da hantsi.

A bakin zauren Inna ta tubure. Ta shimfiɗa mayafinta a gindin dogon yaro ta ce nan ma ai ana jin lasifika. Na yi magiya har na gaji, na shiga raina a ɓace.

Mai gabatarwa ya jero takardun binciken da Yaya ta wallafa har sai da ya kurɓi ruwa. Ya ce darajar malami a jami'a ita ce wasu masana su kafa hujja da aikinsa, kuma daga Kenya har Indiya duk wanda ya taɓo ciwon sukari a ƙasar Hausa sai ya ambace ta. Wallahi kaina ya kumbura. Na tuna shekarun da ta yi tana bin gidaje a Unguwar Gabas tana tsira wa mutane allura a yatsa, ana ce mata mai ɗibar jini. Sau uku ina ganinta tana satar kallon kujerar da ta keɓe wa Inna. Da aka tashi ɗalibai suka rufe ta da hotuna, tana ta murmushin yaƙe.

Bayan la'asar muka raka Inna Sabon Gari har da Yaya, tun da alkawari kaya ne. Muna shiga layin 'yan kwanuka wata Bayarbiya mai shago ta daka tsalle ta rungume Yaya. Ta ce ita ce ta gano mata sukari tun kafin ya taɓa mata ido. Sai ta juyo wajen Inna da Hausarta ta kasuwa.

"Mama, kai ne ka haife Dokta?"

Inna ta kau da kai, ta nuna ni da baki. "Yayar wannan ce."

Muka kwashe da dariya, ban da Yaya.

Mun zo shiga mota ke nan Inna ta zauna a kujerar baya, ƙofa a buɗe. Shekara da shekaru Yaya na aiko ni in lallashe ta a gwada jininta, Inna na cewa ita lafiyarta lau. Sai ga shi ta miƙo yatsa, fuskarta na kallon wancan gefen titi.

"Ke, tun da an ce har Indiya an yarda da ke, zo ki duba ni."

Ashe babu abin da ya wuce ta a gindin bishiyar nan. Yaya ta durƙusa a kan kwalta da tsadadden leshinta, ta ciro na'urar gwajin sukari daga jaka, ta gwada ta. Sukarin ya ɗan hau, ta ce za ta zo Kano da kanta ranar Asabar. Inna ta ce, "Allah ya kawo ki, ya yi miki albarka."

Mun shigo gida bayan isha'i, a gajiye. Ni dai na koyi cewa kunyar iyayenmu ba rashin so ba ce. Ina ajiye mota Yaya ta kira. Ko laccar ba ta ambata ba, tambayata kawai take yi ko ni ma na ji abin da Inna ta ce.