Tafin Hannu Daga Zanen Iya

Idan na taso daga aiki yanzu, ƙafafuna kan yi nauyi tun kafin in kai bakin titi. A wani kamfanin biskit nake aiki a Sharada, a tsaye nake wuni ina cika kwalaye. A cikin adaidaita sahu, kan hanyar komawa Panshekara, maimakon in huta sai in riƙa tunani: ko na liƙe kwalin ƙarshe da kyau, ko na amsa gaisuwar maigadi, ko la'asar ɗin da na yi a gurguje ta cika. Haka nake tun ina ƙarama. Iya ce kaɗai ta iya mayar da wannan halin nawa abin dariya.

Iya kakata ce ta wajen uba. Baba ya ɗauko ta daga ƙauyenmu a Jigawa lokacin da ya samu aiki a wata masaƙa a Challawa. Awara take soyawa a ƙofar gida saboda ma'aikatan da ke tasowa da yamma. Idan ta sauke kasko an yi sallar isha'i, sai mu ja tabarma kusa da murhu, ni da ƙannena, don a sannan garwashin bai mutu ba. Iska kan kawo warin majema daga Challawa ya haɗu da ƙaurin mai. Mun saba, ba ma ji.

Iya ba ta tatsuniya hannu rabbana. Kullum akwai bargonta a cinya, da allura, da fitilar ƙwai a gefe. Bargon ƙyallaye ne, kowane ƙyalle faɗinsa tafin hannu, kuma kowanne da mai shi. Ga shuɗiyar shaddar marigayi mijinta. Ga ankon bikin Gwaggo Ladi, ƙanwar Baba. Ga zanen goyon wani wana da bai yi rai ba. Daga baya, da aka rufe masaƙar su Baba, ta yanki aljihun kakinsa ta ɗinka, ta ce wannan ma rasuwa ce.

Tana da ƙa'ida guda. Kayan mamaci na magada ne, don haka ba ta taɓa sa almakashi sai ta je ta same su ta ce, "Ku yafe mini tafin hannu ɗaya." Da sun ce sun yafe, nan take za ta yanka, a gabansu. A tsakiyar bargon ta bar wani gurbi, ba komai sai farin shafi. Takan buga wurin da yatsa ta ce, "Nan wurina ne. Uwani, ke za ki cike shi." Uwani take ce mini saboda sunan mahaifiyarta aka sa mini.

Wata rana na tambaye ta, "Iya, to idan mutum ya ce ya yafe da baki, amma a ransa bai yafe ba fa?"

Ta dube ni ta saman fitila. "Ke dai uwata, ko ruwa aka ba ki sai kin tambayi rijiya ko ta amince. Zauna. Ga wata nan tafe, ku ba ta wuri."

Muka ce, "Ta shigo, Iya."

Wai wata yarinya ce uwarta ta rasu ta bar mata zane guda, saƙi, mai kyau. Yarinyar ta haihu, tana so ta yanki kaɗan ta yi wa jaririn hula. 'Yan'uwanta duk suka ce sun yafe. Ta ɗauki almakashi, sai ta ce a ranta, ai ban tambayi marinin da ya rina ba. Ta ninke zanen ta sa a ƙwarya, ta goya ɗanta ta tafi. Marini ya ce shi baban rini kawai ya zuba, ta tambayi masaƙi. Masaƙi ya ce shi zare aka kawo masa, ta tambayi mai kaɗi. Mai kaɗi tsohuwa ce kurma, sai da aka yi ta ihu kafin ta ce a je wajen manomin auduga. Iya takan canza murya ga kowannensu, ta masaƙin ta hanci take yi, mu yi ta dariya. Manomi ya ce shi shuka ya yi, ta jira hadari ta tambaye shi. Ta zauna a gonar tana jiran damina. Da hadari ya zo bai tsaya ba, ya jiƙa ta ya wuce.

Ko da ta dawo gida, yaron da ta tafi da shi a goye yana tafe a bayanta da ƙafarsa. Ta buɗe ƙwarya, sai ga gara zaune tana sakace. Zanen ya tafi, saura tafin hannu.

"Yarinya ta ce, 'Ke gara, wa kika tambaya?' Gara ta ce, 'Ni? Na ga an ajiye.'"

"To sai me ya faru?" in ji ni.

"Sai ta ɗinka guntun a wuyan rigar yaron, tunda kan ya fi ƙarfin hula. Nan ta tsaya, wuta ma ta mutu. Ku tashi ku kwanta."

Ƙannena suka tafi suna kwaikwayon gara. Ni kuwa na kwanta ina tunanin ko hadarin ya yafe.

Iya ta rasu ina da aure, 'yata Hafsa tana rarrafe. Aka raba 'yan kayanta. Bargon ta riga ta ba ni tun tana da rai. Zanenta na atamfa, kore mai ganye, wanda take ɗaurawa ranar Juma'a, ya faɗo a rabon Baba, ya miƙo mini ya ce in cika mata wurinta. Gwaggo Ladi ma ta ce ta yafe. Amma Iya tana da ɗa na uku, Baffa Sale, wanda ya tafi neman aiki ta Agadas tun muna yara, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. An ware masa nasa kason an ajiye. Duk da haka na ce, idan da yana nan zanen zai zaɓa fa?

Na tambayi limamin unguwarmu, ya ce zane na Baba ne, ya ba ni, shi ke nan. Na tambayi malamin Islamiyyar layinmu, ya ce haka. Da na koma wajen liman karo na biyu, ya ce, "Malama Uwani, ba ke kika zo kwanaki ba? Amsar ba ta canza ba." Na ji kunya, na ce na gode, Allah Ya ƙara wa Malam lafiya. Na dawo gida na ninke zanen na sa a ƙasan akwati, na ce bari dai in ɗan jira. Duk wanda na ji ya dawo daga Nijar a cikin ma'aikatanmu sai na tambaye shi ko ya san wani Sale, dogo, mai tabo a goshi.

Ina cikin jiran nan Baba ya rasu, na ɗinka guntun rawaninsa a gefe ba tare da wata wahala ba, don magadansa duk muna nan. Hafsa ta girma har aka sa ranar bikinta. Gurbin tsakiya yana nan fari.

Daminar bara ruwa ya shigo mana ɗaki, kamar yadda yake yi a layinmu idan kwata ta toshe. Na shanya katifa, na shanya tabarma, ban tuna da ƙasan akwati ba sai bayan an daɗe. Da na ɗago zanen, ya yi baƙin funfuna, ya rabe a kan kowane ninki kamar jiƙaƙƙiyar takarda. Na zauna a ƙasa da shi a hannu. Ban yi kuka ba, gajiya kawai na ji, irin ta wanda ya yi doguwar tafiya ya dawo inda ya tashi.

Hafsa ta shigo ta tsuguna, ta riƙa juya shi a hankali har ta samo wani gefe da ganyen bai mutu ba. Ta ɗora hannunta a kai. Da ƙyar ya kai.

"Umma, ga almakashi."

"Baffa Sale fa?"

"Umma, ruwan nan shi ya tambaya?"

Na taɓa ba ta tatsuniyar tana ƙarama, ban san ta riƙe ba. Na yi bisimilla na yanka.

Bayan na taso daga aiki na riƙa ɗinkin, kaɗan kaɗan, don yatsuna sun yi kanta da kwali, ba sa jin allura. Ya karkace, na warware. Ya sake karkacewa, na ɗaga hannu zan sake warwarewa, sai na ga ƙyallen ba zai jure ba. Na bar shi a karkace.

Da ina yarinya na ɗauka Iya tsokanata kawai take yi. Yanzu na ga ita ma tana tsoron haƙƙin mutane, shi ya sa take zuwa ta roƙa. Amma idan an ba ta amsa, karɓa take yi. Ni ban iya karɓa ba, kuma ban ce yanzu na iya ba. Jiya ma sai da na koma daga bakin titi na duba ko na kulle ƙofa.

Bargon zai bi Hafsa ɗakinta. Kafin in ninke shi na ƙara masa farin shafi a gefe ɗaya, faɗin tafin hannu, kusa da rawanin Baba. Na kira ta na nuna mata.

"Nan wurina ne. Duk zanen da kika ga dama. Na yafe tun yanzu, kuma zan faɗa wa ƙannenki a gabanki."

Ta ce, "To idan a ranki ba ki yafe ba fa, Umma?"

Na ce, "Ke dai ki yanka."