Baba Kolo Bai Ga Jakinsa Ba

Na Allah ne mu duka, kuma wurinsa za mu koma. Ranar Lahadi, sha bakwai ga watan Sha'aban ɗin nan da muke ciki, ana idar da sallar azahar, Allah Ya karɓi ran kakana, Malam Muhammadu Kolo mai wankin hula na Mandawari, wanda gari ya fi sani da Baffa Mai Jaki. Bayan la'asar muka kai shi maƙabartar Dandolo, a gindin Goron Dutse, muka dawo gida muka bar shi can.

Ni ne Salihu, jikansa na wajen babban ɗansa. Ni aka sa in sanar da dangi ta waya, kuma mutum biyu na farko da na kira ba su yarda ba. Ɗaya ma cewa ya yi in ji tsoron Allah in daina wasa da mutuwa, ya kashe wayarsa. Ban ga laifinsa ba. Duk unguwarmu an san ni da tsokana, kuma kai ka ɗaure mini gindi, Baba.

Tun ina rarrafe muke wasan jika da kai. Ina ce maka Tsoho, kana ce mini Ɓarawon Mata, saboda kullum sai na shiga ɗakin Iya Zara na ce mata ta tattara kayanta ta bi ni, tunda mijinta haƙora sun ƙare. Na ɓoye maka takalmi a masallaci har ka taka gida da na liman. Na sha tsayawa a zaure in yi gyaran murya irin taka, in ce a kawo ruwan alwala, Iya ta fito da buta ta tarar da ni. Ko sau ɗaya ba ka ɗaga mini hannu ba. Iyakarka ka ce Allah Ya ba ni jika irina.

Da mahaifina ya rasu, kai ka riƙe ni. Da na sauke karatu a makarantar allo, ba ka tambaye ni abin da zan yi ba, sai ka matsa mini wuri a kan tabarmar sana'a, ka koya mini yadda ake jiƙa hula, a sa mata sitaci, a buga ta har ta tsaya. Mutanenku na Barno da suka zo da wannan sana'a sun bar maka hannu mai kyau, kai kuma ba ka yi rowarsa ba. Hular ladaninmu ba ka taɓa karɓar ko sisi a kanta ba. Duk saurayin da zai yi aure a layinmu, in ba shi da uba, za ka aika a kira shi a gwada kansa, ranar ɗaurin aure ya fito da zanna a cikin hulunanka, kuma ba ka taɓa tuna wa kowa ya dawo da ita ba. Wasu daga cikinsu sun zo zaman makoki da hulunan a kansu. Na gane su.

Waɗanda ba 'yan unguwa ba, ta fim suka san ka. Tun kafin a haife ni, wasu samarin Gwale suka haɗa kai suka ari kyamarar mai ɗaukar biki, suka shirya wani labari mai suna Jakin Baffa: tsoho ne jakinsa ya ɓace ana jajibirin Sallah, jikokinsa suka bazu cikin gari nema. Lokacin gemunka baƙi ne, toka aka shafa maka. Jakin kuma na wani mai ɗiban yashi ne, fari-fari, sunansa Auraki. Da aka gama, ka kasa rabuwa da shi, ka saye shi, ya zauna a ƙofar gidanmu yana cin dusa ba ya aikin komai har ya mutu da tsufa. Iya ta ce ranar ba ka ci tuwo ba. Kaset ɗin nan kuwa babu gidan da bai shiga ba, domin shi ne wanda uba zai zauna ya kalla da 'ya'yansa ba tare da ya tashi ya bar ɗakin ba.

Bara wani babban kamfani mai hedikwata a Legas ya sayi labarin, ya ce zai sake shi sabo don yaran yanzu. Suka tace yara daga makarantu, suka kawo motoci da fitilu da ma'aikata kamar za a gina gada. Suka zo har zaure suka roƙe ka ka sake fitowa a Baffa. Ka ce wannan karon dai an huta da neman toka.

Ni nake kai ka wurin aikin a babur. Ranar farko ka zuba dusa a aljihun rigarka, don ka saba da sabon jakin tun da wuri. Muka shiga wani makeken ɗaki da aka lulluɓe da koren ƙyalle, ka duba gabas ka duba yamma, babu jaki. Sai sanda da aka kafe da ƙwallo a kanta. Daraktan ya ce ƙwallon nan ita ce idon Auraki, ita za ka riƙa kallo, jakin kuma daga baya za a zana shi a kwamfuta, zai yi magana, har waƙa zai yi. Washegari sai da ka je ka tambayi liman ko babu laifi a zana mai rai, sannan ka koma.

Ka zauna da masu zanen ka siffanta musu shi tiryan-tiryan. Ka ce akwai baƙin layi da ya ratsa kafaɗarsa, kunnensa na hagu a tsage yake tun yana ƙarami, kuma in ana shafa wuyansa yakan kwantar da kai a ƙirjin mutum. Suka ce sun ji. Daga nan ka yi makonni kana shafa iska, kana yi wa ƙwallo faɗa, kana rarrashin sanda. A wurin da Baffa yake kuka don an gano jakinsa, hawaye na gaske ka yi, har masu riƙe fitila suka sunkuyar da kai. A daidai nan ne shaiɗan ya zuga ni na yi kukan jaki daga bayan ƙyalle. Aka kore ni waje. Ina jin dariyarka har bakin ƙofa.

Da aka zo talla, sai kamfanin ya gina komai a kan ɓoye jakin. Hotonka ne a manyan alluna da bayan adaidaita sahu, kana murmushi, ga kunnuwa biyu sun leƙo ta bayan katanga, an rubuta: Wa ya ga Auraki? A rediyo ana jin takunsa ba a jin muryarsa. A ledar biskit ɗin yara an sa wutsiya a wannan, kofato a waccan, yara suna ta musaya a makaranta. An ce sai ranar ƙaramar Sallah, a sinima, duniya za ta gan shi. Yaran layinmu sukan kewaye ka su ce ka faɗa musu kamanninsa, kai kuma ka ce, ku da ni duk ɗaya, ni ma da na shafa shi ban gan shi ba. Suna ɗauka wasa kake.

Cikin Rajab ƙafafunka suka fara kumbura. Muka yi ta zaryar asibiti, har ranar da likita ya ja ƙanin mahaifina gefe ya ce mu koma gida mu ci gaba da addu'a. Kai da kanka ka ce wa Iya ba ka jin za ka ga azumin bana. Ka kira mutane ka nemi gafararsu, ka raba kayan aikinka, ka faɗi wanda zai yi maka wanka. Duk wannan ka yi shi da natsuwa. Sai wata safiya ina matsa maka ƙafa, ka ce akwai wani ɗan abin duniya da ya tsaya maka a rai, kana ma jin kunyar faɗa.

“Sale, so nake in ga jakin nan. In Auraki suka zana, alhamdu lillahi. In wani daban ne, to da baƙo na yi ta kuka ke nan.”

Na ce wannan ai ƙaramin abu ne, kafin la'asar zan kawo maka shi. Haka na faɗa, da bakina.

Mai kula da tallan kamfanin a Kano sunansa Abdulhakeem, kuma ina shaida mutumin kirki ne. Da na gaya masa halin da kake ciki, idonsa ya kawo ruwa. Amma ya ce abin ba a hannunsa yake ba. Akwai alkawari tsakaninsu da masu biskit da waɗanda suka zuba dukiyarsu, hoto ɗaya ya fita kafin Sallah, aikin shekara ya rushe, kuma shi kansa a Legas aka nuna masa, ba a bar shi ya taho da shi ba. Ya ƙara da cewa, cikin raha, duk Mandawari an san wayata ba ta riƙe sirri. Na ce ya zo da kansa, za mu tara wayoyin gidan kaf a cikin daro a kai maƙwabta. Na ce zan dafa Alƙur'ani. Na ce ni zan bar unguwar ma gaba ɗaya, a rufe ƙofa daga shi sai kai. Ya ce zai aika sama.

Na yi ta komawa. Yau a ce manya suna taro, gobe a ce wanda zai sa hannu ya yi tafiya. Da amsa ta zo, cewa suka yi suna yi maka fatan sauƙi, kuma ranar Sallah za su aiko mota ta musamman, kujerarka tana sahun gaba. Aka haɗo ni da kwalin biskit da riga mai hoton kunnuwa. Na tsaya a bakin titi da kwalin nan a hannu. Ni da ban taɓa rasa dabara ba, ranar na duba cikin kaina ban sami komai ba.

Abin da na iya shi na yi. Na je wajen masu yashi na aro jaki, na ja shi ta lungu yara suna bina, na shigar da shi har tsakar gida, Iya tana salati. Aka ɗago ka ka leƙo ta ƙofa. Ka daɗe kana kallonsa, ka sa aka matso da shi ka shafa wuyansa, ka ce a ba shi dusar nan da ta rage. Sannan ka ce jaki ne mai kyau, amma in mayar wa masu shi kafin su kai ni wajen mai unguwa. Ka yi dariya har tari ya sarƙe ka. Ba ka sake tambayata zancen kamfani ba, kuma na san don kada ka ƙara mini nauyi ne.

Ana gobe za ka rasu, ka buɗe ido ka ce in yi maka kukan nan da ya sa aka kore ni. Na yi, a hankali, don gidan cike yake da mutane. Ka girgiza kai ka ce, “Ba haka yake yi ba, Ɓarawon Mata.” Maganarmu ta ƙarshe ke nan.

Ranar sadakar uku mutanen kamfanin suka zo ta'aziyya, suka zauna a tabarma, suka yi addu'a da ladabi. Da yammacin ranar suka saki jakin ga duniya. Sunanka a sama, an rubuta don tunawa da kai, ga Auraki yana tafe a gefenka a wayar kowa. Abin da ba a iya nuna wa tsoho ɗaya a ɗakinsa ba, an nuna wa gari duka, Sallah kuwa da saura. Abdulhakeem ya kira ni, ya ce Legas ce ta ga sunanka yana bakin mutane, ta ce lokaci ya yi. Na ce Allah Ya sa haka ne mafi alheri.

A cikin gida kuwa ana jirana. Al'ada ce in tsoho ya rasu jikoki su sa kayansa su kwaikwaye shi, a yi dariya a rage zafi, kuma kowa ya san wannan aikin nawa ne. Gwaggo Husaina ta miƙo mini babbar rigarka da hularka da sandarka. Na kafa hular, sai ƙanshin sitaci da turarenka ya buge ni. Na buɗe baki in yi gyaran muryar nan da na yi shekaru ina yi, ba abin da ya fito. Iya Zara, wadda kullum take korata da muciya in na kira ta matata, ta ce su ƙyale ni, ni kaɗai ne mijin da ya rage mata.

Da mutane suka ragu na zauna kusa da ita na nuna mata jakin a wayata, tunda ni ban san Auraki da rai ba, ita ta san shi. To ga abin da ka aike ni, Baba, na kawo a makare. Launin ya yi daidai. Baƙin layin yana nan a kafaɗa. Idanun sun yi girma, kuma sun ba shi haƙora irin na mutane, da ka gani da ka yi magana. Tsagar kunnen a dama suka sa ta, ba a hagu ba. Amma wurin nan da ka miƙa hannu kana shafa iska, hannunka a wuyansa ya sauka, shi kuma ya kwantar da kai a ƙirjinka. Iya ta sa na maimaita mata wurin. Ta goge ido da bakin mayafi ta ce, “Kunnen suka juya. Amma shi ne.”

Allah Ya jiƙan ka, Malam Muhammadu Kolo. Allah Ya yafe maka kurakuranka, Ya yalwata kabarinka, Ya haskaka shi, Ya sa hulunan da ka ɗora wa marayu su zame maka inuwa ranar da babu wata inuwa sai tasa. Ina miƙa ta'aziyya ga Iya Zara, da Gwaggo Husaina da sauran 'ya'yanka, da 'yan uwana jikoki, da abokan sana'arka na Mandawari, da danginmu na Barno, da duk gidan da aka taɓa zama aka kalle ka. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya kyautata namu ƙarshen.

Ba da baƙo ka yi kuka ba, Tsoho. Na so a ce a kunnenka na faɗa.