Kaset ɗin Goggo

Jiya mai sa kiɗa ya tambaye ni waƙar da za a sa a bikin 'yata, sai marigayiya goggona ta faɗo mini a rai.

Ranar bikina a Laranto, dangin ango da namu kowa ya ɗaure fuska, an kusa watsewa ba wanda ya taka rawa. Goggo ta zaro tsohon kaset daga jakarta mai ƙanshin turaren wuta, ta miƙa wa mai kiɗa.

"Oga, kashe hayaniyar nan, sa wannan. Da ita mijina ya shawo kaina."

Garaya na tashi, ta jawo uwar ango tsakiyar fili, suka yi ta juyi har ɗankwali ya faɗi. Mata suka ɗauki guɗa, dangi suka cakuɗe.

Allah Ya jiƙan Goggo, Ya faranta mata kamar yadda ta faranta mana.